Hukuncin Kallon Kyawun Ƙasar da Mutum Yake Baƙunci

TAMBAYA: Allah gafarta Malam, shekarata 3 ina aiki a wata ƙasa mai tsananin sanyi. Da farko daga gida sai wurin aiki, kaina a sunkuye, hankalina yana can wajen iyalina. Wata safiya mota ta wuce ni, na taka da ƙafa, sai na ga ganyen bishiyoyin layinmu ya koma ja da ruwan ɗorawa, raɓa tana ɗiga. Tun ranar nakan tsaya a kan gada in kalli ruwa, har da ɗaukar hoto. Abokina ya ce shagala ce, ya ja mini ayar "wa la tamuddanna ainaika". Ni kuma ina jin kamar cin amanar gida ne in so ƙasar da ba ta Musulmi ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, abin da kake yi halal ne, kuma idan tafakkuri ya shiga ciki ya zama ibada. Ni halinka na farko ne ma ya fi ba ni tsoro, domin a aya ta 105 ta Suratu Yusuf Allah ya zargi waɗanda suke wuce ayoyinSa na sama da ƙasa suna kau da kai. Shekara da shekaru kana bin gindin bishiyoyin nan, sai da mota ta bar ka ka gan su. To, wannan makarar alheri ce.

Abokinka ya yi nufin nasiha, Allah ya saka masa, amma ya ajiye ayar a inda ba wurinta ba. Aya ta 131 ta Suratu Ɗaha tana hana zura ido ga dukiya da ƙawar da aka jiyar da wasu daɗi da ita, wato kallon kwaɗayi. Ma'aunin yana cikin ƙirjinka. Idan ka kalli gidajen bakin kogin zuciyarka ta ce "ina ma nawa ne", ka runtse ido. Idan hasken hantsi ka gani a kan ruwa harshenka ya ce "Subhanallah", ci gaba. Suratu Faɗir, aya ta 27 da 28, launuka ta lissafa: na 'ya'yan itace, na duwatsu farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, na mutane da dabbobi, sannan nan take ta ce masu ilimi ne suke tsoron Allah. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa ruwan sama ya same su, sai Annabi (SAW) ya yaye tufarsa ruwan ya taɓa jikinsa, ya ce ruwan bai daɗe da zuwa daga wajen Ubangijinsa ba.

Batun cin amanar gida ya fi taɓa ni. Bayan hijira a shekarar 622, zazzaɓin Madina ya kwantar da Abubakar da Bilal. Nana A'isha ta ce duk sanda zazzaɓi ya saki Bilal sai ya ɗaga murya yana begen Makka: ko zai ƙara kwana a kwarin da ciyawar izkhir ta kewaye shi, ko zai ƙara zuwa ruwan Majanna, ko zai ƙara hango duwatsun Shama da Ɗafil. Ka duba, ciyawa da rijiya da dutse yake kewa! Annabi (SAW) bai tsawatar masa ba, sai ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Daga baya ya dubi Uhudu ya ce dutse ne da yake son su, suke son sa. Ba ina daidaita Madina da inda kake ba ne, falalarta tata ce ita kaɗai. Abin ɗauka shi ne kewar gida da son mazauni suna haɗuwa a zuciya ɗaya. Bishiyar layinku kuwa ba ta kafirta ba, aya ta 18 ta Suratul Hajji ta sanya bishiyoyi cikin masu yi wa Allah sujada. Abin da aka hana ka shi ne son saɓon mutane ko kwaikwayon aƙidarsu.

Hoton bishiya da kogi da dusar ƙanƙara babu laifi. Ibnu Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Saɓanin malamai yana kan mai rai, kuma kada ka ɗauki mutane ba da izininsu ba. Wuraren shaƙatawa a lokacin zafi sukan cika da tsiraici, sai ka zaɓi sassafe ko wata hanyar.

Ka kula da sallah musamman a hunturu. A ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya yini yakan gajarce har Azahar da La'asar da Magariba su matso juna, mai tsayuwa a gada yana kallon jan sararin yamma sai La'asar ta kuɓuce masa bai sani ba. Ka sallace ta kafin ka fita, in rana ta faɗi kuma ka juya zuwa Magariba.

Allah ne mafi sani.