Guntun haƙori ya rage a bakin Inna, yanzu haɓarta ta kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Wata biyu ke nan mahaifiyata ta je wajen mai cire haƙori ranar kasuwa, ya cire mata matauni na ƙasa. Haƙorin ya karye a hannunsa, ya ce guntun da ya rage zai ruɓe ya fita da kansa. Tun daga lokacin wurin yakan kumbura, mu sayo kafso a kemis, ya sace, bayan 'yan kwanaki ya dawo. Yau kwana uku kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, bakinta ba ya buɗuwa sosai, ko kunu da ƙyar take haɗiya. Tana da ciwon suga. Dattawan gida sun ce daji ne, kada a bari a yi mata allura. Hankalina a tashe yake, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kada ka jira ranar kasuwa, kada ka jira kafson da kuka saya ya ƙare. Yau ɗin nan ka samo mota ka kai ta babban asibiti mai sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. Idan kun isa da dare ku shiga ɓangaren gaggawa. A hanya ta zauna a zaune, kada a kwantar da ita rigingine.

Abin da ya sa nake gaggauta maka: saiwoyin matauni na ƙasa, musamman guda biyun ƙarshe, suna da zurfi a cikin ƙashi. Idan mugunya ta taru a gindinsu, hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta gangara ƙarƙashin harshe da haɓa. Wurin ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama ya koma baya, har ya tare hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya bayyana wannan ciwo a 1836, da sunansa muke kiransa har yau. A jikin mai ciwon suga gudu yake yi, ana iya wayar gari mutum na magana, kafin magariba numfashi ya gagara. Bakin da ba ya cin yatsu biyu, wahalar haɗiya, yawu na zuba, murya ta canja, zazzaɓi: ko ɗaya aka gani tare da kumburin haɓa, magana ta wuce kemis.

Yanzu bari in zo kan kalmar nan da na gaji da ji, wai guntun zai ruɓe ya fita da kansa. Wallahi kusan kullum sai an faɗa mini ita a asibiti, kuma kullum daga bakin wanda fuskarsa ta riga ta kumbura. Saiwar haƙori ba ƙaya ba ce da za ta yi ruwa ta fito. A dashe take cikin ƙashi, kuma ta fi ƙashin ma tauri. Haƙorin da aka je cirewa saboda ciwo, galibi ruɓa ta riga ta kashe jijiyar cikinsa, ƙwayoyin cuta sun cika ramin da ke tsakiyar saiwar. Jini ba ya shiga wannan rami. To maganin da aka sha ta ina zai kai gare su, tunda jini ne ke ɗaukarsa? Abin da Ampiclox ko Flagyl ke yi shi ne su kwantar da kumburin da ke kewaye, gidan cutar kuwa yana nan daram. Shi ya sa kuka ga ya sace ya dawo, ya sace ya dawo. Kowane zagaye kuma ƙwayoyin na ƙara sabawa da maganin, ranar da muke buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci.

Mutanenmu sun ɗauka idan zafi ya tafi an warke. Sau da yawa zafin ya tafi ne don mugunyar ta huda dasashi ta samu mafita. Za ka ga ɗan ƙurji a gefen wurin yana tsatsar ruwa mai ɗoyi, mai shi ya ce ai ya fashe, shi ke nan. A ƙasa kuwa ƙashi ake ci. Wani ma ta fatar kunci take hudowa, a yi ta shafa magani a waje shekara da shekaru, alhali tushen na cikin baki. Wanda ya karya haƙori da filaya a rumfar kasuwa, ba hoto, ba kayan fiɗa, ya san sarai ba zai iya tono abin da ya bari ba. Maimakon ya ce a je asibiti, sai ya sallami tsohuwa da zancen da zai rufa masa asiri. Wannan ne ke ƙona mini rai, don karyewar saiwa ba abin kunya ba ne, a hannun ƙwararre ma tana karyewa. Ɓoyewar ce zalunci.

Zancen daji kuma, ka lallashi dattawa cikin ladabi, amma kada ka saurara. Mugunya ce daga haƙori. Allura da ƙarin ruwa su ne abin da Inna ke buƙata. Kada a yi mata sakiya, kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a ɗiga ruwan batir ko a danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona nama kawai suke yi.

Gaskiya ne akwai lokacin da likita kan bar guntu da gangan. Idan ɗan ƙarami ne, bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, saiwar ba ta da cuta, kuma tana dab da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji, ko dab da kogon da ke cikin ƙashin kunci a matauni na sama, tono shi zai iya yin ɓarnar da ta fi barinsa. Irin wannan ƙashi kan rufe shi ya zauna lafiya. Amma likitan zai gaya maka, ya rubuta a kati, ya ce ka dawo a ɗauki hoto. Na Inna ba ya cikin wannan, tunda ya yi ta kumbura.

A asibiti za su fara da tabbatar da numfashinta, su auna suga, su sa mata magani ta jijiya, su buɗe wurin mugunyar ta fita, sannan a ɗauki hoto a cire saiwar. Matauni na ƙasa galibi saiwa biyu gare shi, mai yiwuwa duka biyun suna ciki. Cirewar kanta ba dogon aiki ba ne: allurar kashe zafi, a ɗaga dasashi, a ɗan rage ƙashi idan ta kama, a ɗinke. Ku shirya za a iya kwantar da ita kwanaki. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da ta sha da na sugarta, ka gaya musu ranar da aka cire haƙorin da kuma inda aka cire shi, kada ka ji nauyin faɗa.