Ga mai neman a yi wa kiɗansa na Game Boy gyara, ba yabo ba

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai da na saurari kiɗan sau uku kafin in ce uffan. Ka ce kana haɗa kiɗa da manhajar LSDj a kan Game Boy na asali, ƙaramar na'urar wasan nan ta hannu ta Nintendo, ka saki guda huɗu, amma amsar da kake samu ba ta wuce "kai, ya yi daɗi" da "ya tuna mini da yarinta" ba, kana so ka san yadda za a yi wani ya gaya maka inda aikin ya gaza. Ni ma kusan shekara biyu na yi a cikin wannan hali, ina ɗauka mutane ne ba sa so su faɗa mini gaskiya. Daga baya na gane ni ne ban ba su abin da za su kama ba.

Ka fara sanin cewa yawancin masu ce maka ya yi daɗi, na'urar suke yaba wa. Game Boy ya fito a 1989, duk wanda ya taɓa riƙe shi yana yaro, da ya ji wannan siririyar murya zuciyarsa za ta yi sanyi ko da me ka kaɗa. Ba ƙarya suke yi maka ba, sai dai wannan yabon ba naka ba ne, kuma ba zai gyara maka ko layi ɗaya ba. Ka ce na gode, ka wuce.

Abin da ya fara buɗe mini ido wani mutum ne da ya rubuta mini kalma biyar: "kiɗanka ba shi da bes." A lokacin da manhajar FamiTracker nake aiki, ina yi wa NES, wata na'urar wasa ta Nintendo, kiɗa. Raina ya ɓaci sosai, don kwana uku na yi a kan layin bes ɗin nan, kuma a hedifon ɗina har kunne yake girgizawa. Na rubuta masa doguwar amsa mai zafi, Allah Ya sa ban tura ba. Sai na tambaye shi da me ya saurara. Ya ce da sifikar wayarsa. Na kunna a tawa, wallahi babu bes, kamar an ɗauke shi da cokali. Dalili kuwa, bes ɗin NES a kan muryar tirayangul ake ɗora shi, ita kuma murya ce mai santsi wadda kusan duk ƙarfinta a ƙasa yake, ƙaramar sifika ba ta iya fitar da shi. Ga shi ba a ƙara mata ƙarfi ko a rage, cip ɗin NES mai fitar da sauti, 2A03, bai ba ta wannan dama ba, ko dai tana kunne ko tana kashe. Da na ɗaga layin ya koma sama da mataki ɗaya na sautuka takwas, sai ya fito a waya, bai kuma lalace a hedifon ba. Mutumin nan bai san mene ne tirayangul ba, amma ya fi masu yabo hamsin amfani a wurina.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya, kuma shi ne jigon abin da nake son gaya maka. Wanda bai san na'ura ba, kunnensa yakan faɗi gaskiya, maganin da zai rubuta maka ne ba ya aiki. Za ka ji an ce "ƙara masa amsa-kuwwa", ko "sa fiyano a baya", ko "waƙar ta bushe, cika ta". Kai ka san muryoyi huɗu kawai gare ka a Game Boy: PU1 da PU2 (muryoyin fols biyu), WAV (wadda kake zana wa siffar igiyar sauti) da NOI (ta hayaniya). Babu wurin fiyano. Kuskuren da 'yan ciptun (masu kiɗa da cip ɗin tsofaffin na'urori) da yawa suke yi shi ne su ce "wannan bai san komai ba", su watsar da maganar ɗungurungum. Kada ka yi haka. Ka yar da maganin, ka riƙe ciwon da ya nuna maka. In ya ce amsa-kuwwa, abin da kunnensa ya ji shi ne karin waƙar yana yankewa ƙaf ba jela. Kai ka san dabarar: ka kwafi karin zuwa PU2, ka jinkirta shi layi biyu ko uku, ka rage masa ƙarfi zuwa 3 ko 4 cikin 15. In kuma PU2 tana da aiki, ka cusa raunanan maimaici a guraben da ke tsakanin sautukan a murya guda. In ya ce ta bushe, wataƙila faɗin fols ɗinka, wanda shi ke canza launin muryar, ne bai motsa ba tun farko har ƙarshe, kana zaune a kashi 50 cikin ɗari alhali akwai 12.5 da 25 suna jiranka. Fassara maganarsu zuwa harshen na'ura aikinka ne, ba nasu ba.

Sai kuma waɗanda suka san na'urar. Su ba sa magana ne saboda sauti kawai ka ba su. Mai LSDj in ya ji fayil na MP3, hasashe kawai zai yi. Ba shi fayil ɗin waƙar kansa ya buɗe, nan ne bakinsa zai buɗe. Na daɗe ina ɓoye nawa, wai kada a sace mini dabara, abin dariya, dabarar da ni ma a fayil ɗin wasu na koya. Ranar da na daure na tura wa wata baiwar Allah da ta girme ni a harkar, cikin awa ɗaya ta dawo mini da shi. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce in duba jimla ta 0C, wato gaɓar kiɗa mai wannan lamba a LSDj, a muryar WAV, in ga inda bugun babbar ganga da bes suke faɗowa a layi ɗaya. Na duba. Duka biyun a WAV na ɗora su, ga shi murya ɗaya ba ta furta abu biyu a lokaci guda, don haka duk bugun ganga yana cinye kan bes, shi ya sa tsakiyar kiɗan yake ɗingishi. Ta mayar da gangar PU1, ta yi ta da zamewar sauti daga sama zuwa ƙasa wadda wannan muryar kaɗai take da ita a cikin fols biyun, ta bar wa bes WAV shi kaɗai. Wata shida ina jin akwai abin da ba daidai ba, na kasa sa yatsa a kai. Gani ya kori ji.

Don haka in za ka sake saka kiɗa, ka haɗa da fayil ɗin, kuma ka faɗi yadda aka yi sautin ya iso kunnen mutane. Wace na'ura ce? Game Boy na farko, DMG-01, ya fi kaurin bes, Game Boy Color kuwa sautinsa ya fi siranta da hayaniya. Daga ramin hedifon ka ɗauka, ko ka yi masa gyaran nan da ake zaro sauti kai tsaye ba tare da ya bi ta amfilifayar ciki ba? Ko kuwa da manhajar kwaikwayo ka naɗa a kwamfuta? Ka taɓa shi bayan naɗi ko ɗanye ne? Layi biyu sun isa, amma in babu su rabin sharhin da za ka samu a kan "shuuu" ɗin bayan fage zai ƙare, abin da ba laifin rubutunka ba ne. Wannan ba matsalar Game Boy kaɗai ba ce. Masu Mega Drive, na'urar wasa ta Sega, suna fama da ita, don samfurin farko mai cip ɗin sauti YM2612 yana da wata 'yar ƙura a sautuka masu rauni wadda wasu samfuran baya ba su da ita, kiɗa ɗaya sai ya fito fuska biyu. Masu tsohuwar kwamfutar Commodore 64 kuwa sun fi kowa shan wuya, tacewar sautin cip ɗinta na SID 6581 ba ɗaya take da ta 8580 ba, har 6581 biyu ma ba lallai su yi daidai ba. Na taɓa tura kiɗan NES da na rubuta a kan bugun 60 a daƙiƙa, wani ya kunna shi a tsarin Turai mai 50, ya dawo yana ce mini kiɗan yana jan ƙafa. Gaskiyarsa ne, ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin shida na saurinsa. Mun yi kwana biyu muna musu a kan abin da jimla ɗaya za ta kashe tun farko.

Sannan tambayar kanta. "Me kuka gani?" tambaya ce da ba ta da ƙofa, shi ya sa ake amsa ta da "ya yi". Ka ƙuntata ta. Ka ce: daga daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya, karin waƙar yana fitowa ko ganga ta danne shi? Ko ka ce: a ina kuka ji kun fara gajiya? Wannan ta biyun ita ce tambayar da na fi samun riba da ita, don ko wanda bai san komai ba zai iya amsa ta, kuma ba ya jin nauyin cewa ya zage ka. In mutum uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, kada ka yi gardama, je ka gyara. In mutum ɗaya ne, ajiye maganar mako guda ka sake saurara. Kuma guda ɗaya za ka riƙa sakawa. Huɗun nan da ka jera a lokaci guda, ba wanda zai zauna ya yi musu sauraron tsanaki, ni ma na farkon kawai na bi da kyau.

Akwai kuma abin da ba a so a ji: wanda bai taɓa yi wa kowa sharhi ba, da wuya a yi masa. Harkar ƙarama ce, ana gane suna. Ka ɗauki kiɗan mutum biyu a mako, ka rubuta musu abin da ka ji da lokacin da ka ji shi, ko da layi uku ne. Ribar ma biyu ce, don kunnenka ne yake kaifi. In kana son a matse ka sosai, ka shiga gasar awa ɗaya irin wadda ake yi a shafin intanet na Battle of the Bits, inda kowa yake aiki da ƙa'ida ɗaya a lokaci ɗaya, a gama a saurari na juna a jefa ƙuri'a. Ranar farko na zo kusa da na ƙarshe. Amma na ga abin da wasu suka fitar daga muryoyin da nake kuka sun yi mini kaɗan, bakina ya mutu.

Sharhi ɗaya ne nake ce maka kada ka ɓata masa dare: na masu rigimar wane ne ɗan ciptun na gaskiya. Wani zai ce tunda ka gyara sautin a kwamfuta bayan naɗi ka ɓata tsarkinsa, wani zai ce tunda ba ka gyara ba kai malalaci ne. Wannan faɗa ya girme mu, kuma ba ya taɓa ko sauti ɗaya a cikin kiɗanka.

To, tunda gyara ka nema, ga nawa a kan na farkon. Buɗewar tana da kyau ƙwarai, musamman yadda ka bar PU1 ita kaɗai na ɗan lokaci kafin sauran su shigo, mutane da yawa ba su da wannan haƙurin. Matsalar daga wajen minti ɗaya da daƙiƙa goma take farawa. Na ji ka kunna umarnin C na LSDj, mai karkarwa tsakanin sautuka uku, ina jin C37 ne, ka bar shi yana kaɗawa ba hutu har kusan ƙarshe. Wannan karkarwar mai sauri da muke yi don kunne ya ɗauka sautuka uku ne a haɗe, gishiri ce, in ta yi yawa sai ta gaji da mutum, ga shi tana zaune a tsayi ɗaya da karin waƙar suna ture juna. Ka gwada sa ta a farkon kowace gaɓa kawai, ka bar ta ta mutu da kanta, ko ka saukar da ita ƙasa. Na biyu, na ji ka jefa NOI gaba ɗaya a kunnen hagu da umarnin O. Game Boy bai san rabi da rabi ba, hagu ne ko dama ko duka biyu, don haka a hedifon sai na ji kamar ana yi mini shara a kunne ɗaya. Dawo da ita tsakiya, in kana son motsi ka riƙa wulla ƙananan bugu hagu da dama jefi-jefi.

Akwai kuma wani ɗan "ƙyas" da nake ji duk lokacin da bes ya canza sauti a kashi na biyu. Ina zargin yadda kake sauya siffar igiyar WAV ne a tsakiyar sauti, amma daga MP3 ba zan rantse ba. Turo fayil ɗin, ka gaya mini sigar LSDj da kake amfani da ita, in buɗe shi a nawa DMG ɗin a ƙarshen mako in duba jimlolin da ke wurin.