Yaro ya yi jijjiga bayan rigakafi: me kotu take nema kafin a biya diyya?

Tambaya daga wani magidanci a Daura: An yi wa ɗana allurar rigakafin ƙyanda, bayan kwana takwas ya yi zazzaɓi mai zafi da jijjiga har aka kwantar da shi. Shin hakan ya isa hujjar neman diyya?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa yaro sauƙi. Faruwar ciwo bayan allura kaɗai bai isa hujja ba, domin alƙali yana bambanta "bayan allura" da "saboda allura". A ƙarar neman diyya a Najeriya nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙara, kuma Dokar Shaida ta 2011 tana neman rinjaye ne kawai, wato bayaninka ya fi na wanda kake ƙara nauyi. Sai dai ban da danganta ciwon da allurar, dole ka nuna sakaci, kamar amfani da maganin da wa'adinsa ya wuce, kuma a ganina nan ne aikin yake.

Amurka ta sauƙaƙa wannan da dokar 1986, wadda ta kafa tsarin diyya ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Suna da jadawalin illoli da lokutansu: idan mummunan borin jini ya auku cikin awa 4 bayan allurar, ana ɗauka allurar ce sanadi, sai gwamnati ta tabbatar da wani dalili daban. Abin da ba ya cikin jadawalin kuwa, shari'ar Althen ta 2005 ta gindaya masa sharuɗɗa uku: bayanin likitanci kan yadda allurar ke iya jawo ciwon, jerin dalilan da ke nuna ita ce ta jawo shi ga wannan majinyacin, da tazarar lokacin da ta dace.

Tazarar kwana takwas ta dace da abin da likitoci suka sani game da zazzaɓin da kan biyo bayan rigakafin ƙyanda. Amma a ƙasar Daura, musamman da damina, lauyan ɗaya ɓangaren zai fara da tambayar ko an yi wa yaron gwajin zazzaɓin cizon sauro, tunda shi ma yana kawo jijjiga. Saboda haka ka adana katin rigakafin, ka karɓi sakamakon gwajin da takardar sallama daga asibiti, ka kuma nemi a rubuta lambar rukunin maganin a rahoton da ma'aikatan lafiya ke cikewa idan ciwo ya biyo bayan rigakafi, kafin ka je wurin lauya.