Kafin Ki Raɗa wa Basinenki Suna

Ƙanwata, saƙonki ya same ni ina tsakiyar loda kwantena, shi ya sa amsa ta jinkirta. Kin ce a littafin da kike rubutawa akwai Basine mai sayar da kayan waya da wata likita Ba'indiya, kin raɗa musu Chin Chan da Priya Khan Patel, kina tambaya ko sun yi. Ba su yi ba. Ba don in sanyaya miki gwiwa na faɗa ba. Shekarata 14 a Guangzhou ta ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, kuma mutanen nan maƙwabtana ne. Ki tuna yadda ranki zai sosu in baƙo ya haɗa baƙaƙe da ka, ya ce ai sunan Bahaushe ke nan.

A wurin Sinawa sunan gida ke gaba, na yanka ya biyo baya. Xi Jinping, Xi ne sunan zuriyarsa, Jinping nasa. Duk wanda ya miƙo miki katinsa, da hannu biyu kamar yadda suke yi, harafin farko shi ne gidansu. Sunayen gidan ba su da yawa. Wang da Li da Zhang kaɗai sun kwashe miliyoyin mutane, sai su Liu da Chen. Saboda haka kada ki wahala neman na ban mamaki, ɗauki gama-gari. Mace kuma ba ta sauya nata don ta yi aure.

Wani abu da na daɗe ina tunawa: lokacin da aka haifa mini ɗana, na gaya wa wani Basine da muke hulɗar tayil cewa na mayar da sunan mahaifina. Sai ya ajiye kofin shayinsa, ya dube ni, ya ce to yaya bakina zai iya kiran yaron, balle in tsawata masa? Na ce ai ba ma kiran sunan, Abba muke ce masa. Ya yi shiru, ya gyaɗa kai. Su a wurinsu ba a sa wa jariri sunan kaka ko uba, rashin ladabi ne. Kunyar da ta sa muka ɓoye sunan da laƙabi, ita ta hana su sa shi tun farko. In kin rubuta Basine da ya ci sunan kakansa, kin yi masa ɗinkin Hausa. Abin da gidajen gargajiya ke yi shi ne 'yan tsara ɗaya su yi tarayya a harafi guda, wa Zhiming, ƙane Zhiqiang.

Suna kuma yana tona shekaru. Jianguo, wato gina ƙasa, na waɗanda aka haifa ne bayan kafa jamhuriyarsu a 1949, dattawa ne yanzu. Zihan da Zixuan na yaran baya-bayan nan ne. Yana tona gari ma: wanda ake rubutawa Chen a Beijin shi ne Chan a Hong Kong, Wang ya koma Wong. Af, kada ki ba ɗan birnin da aka haifa a 1990 ƙanne biyar, dokar haihuwar ɗa guda tana aiki a lokacin, sai ƙarshen 2015 aka sanar da janye ta.

In Musulmi kike so, ga 'yan ƙabilar Hui, waɗanda muke sahu ɗaya da su ran Juma'a, muke cin taliyarsu ta hannu a Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi taruwa. Sunan gidan da ya fi yawa a cikinsu Ma. Kowannensu yana da na katin shaida, yana kuma da na Larabci da liman ya raɗa masa, irin su Yusufu ko A'isha, wanda sai a gida da masallaci ake jin sa.

Kin tambayi yadda mu muke kiransu. Gaskiya, cikakken suna ba ya fitowa a kasuwa. Mai shago Laoban ne, wato maigida. Babba da aka saba da shi Lao Wang, yaron shago Xiao Li. 'Yan asalin Gwanzu sukan ɗora Ah a gaba, Ah Ming. In mun koma tsakaninmu kuwa sai mu yi ta Hausa: Mai Tayil, Mai Leshi, Dogo. Su ma namu sunan gutsuttsura shi suke yi ya dace da harufansu, Musa ya zama Mu Sa. Da wannan za ki cika hirar littafinki, sunan kati ya fito sau ɗaya ya isa.

Indiya kuwa, abin da na sani daga 'yan kasuwarsu na nan na koya, kuma na lura finafinai sun sa mun ɗauke ta gari guda. Harsuna 22 tsarin mulkinsu ya lissafa. Sunan gida a can yakan faɗi yanki da addini, sau da yawa har da ajin da aka haifi mutum a ciki. Patel Gujarat ne. Banerjee da Chatterjee Bengal. Nair da Menon Kerala, Reddy ƙasar masu jin Telugu. D'Souza Kirista ne daga wajajen Goa ko Mangalore. Mabiya addinin Sikh, namiji Singh, mace Kaur, tun 1699. Khan, Ansari, Qureshi galibi Musulmi ne, kuma ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170. Kin ga Priya Khan Patel kamar ki ce Ngozi Ɗanjuma Adebayo ne. Tana yiwuwa, amma sai kin ba da labarin auren da ya haife ta.

Tamilawan kudu sun fi kusa da mu, da yawansu ba su da sunan gida, sunan uba suke jinginawa, sai dai a gaba suke sa shi, a taƙaice. A. P. J. Abdul Kalam, shugaban ƙasar Indiya daga 2002 zuwa 2007, J ɗin nan Jainulabdeen ne, mahaifinsa. Kuma a gidajen gargajiya mace ba ta kiran sunan miji, kamar iyayenmu mata. Babba a ƙara masa ji, wa namiji bhai, ya mace didi, wannan a arewacin Indiya.

Yanzu ki aiko mini da abu uku a kan kowannensu: garin da aka haife shi, shekarar haihuwa, da addininsa. Na Basinen zan kai wa Mai Tayil ya duba harufan da ma'anarsu, don sauti ɗaya yakan ɗauki harufa da yawa, wani alheri, wani abin kunya. Na likitar kuma zan tambayi maƙwabcina ɗan Kerala in mun haɗu a masallaci. Ki gaida Umma.