Amsar Baffa a Kan Kalmar "Condolences"

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai. Na ga saƙonka cewa mahaifiyar malaminka Bature ta rasu a can Ingila, kana jin abokan karatunka suna ta faɗin "condolences", kana tambaya ko ita ce ta'aziyyarmu, kuma ko ya dace ka je gidansa ka zauna.

Kalmar asalinta Latin ce, an haɗa "con", wato tare, da "dolere", wato jin ciwo, saboda haka wanda ya faɗe ta yana nufin yana taya ka jin zafin rashin da ka yi. Ta'aziyya kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta shi ne kiran mutum zuwa ga haƙuri. Shi ya sa idan ka shiga zaure ka tarar da dattawa a kan tabarma, sai ka durƙusa ka ce "ya haƙuri?", su kuma su amsa "da godiya", sannan a shafa addu'a.

To, a nan tarkon yake, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa. Lokacin da na je kwas ɗin malamai a Ingila, mijin matar da nake haya a gidanta ya rasu, na same ta a kicin tana riƙe da kofin shayi da ya riga ya huce, na ce mata da Turanci ta yi haƙuri, kamar yadda zan faɗa wa gwaggonka. Ta ɗago ta dube ni, ta ajiye kofin, ta hau sama ba ta ce uffan ba, domin a kunnenta na gaya mata ne kukan ya isa haka.

Batun zuwa gida kuma, kada ka je ba a gayyace ka ba, domin ba su da zaman makoki na kwana uku irin namu, kuma ba sa gaggawar binnewa. Ko Sarauniya Elizabeth da ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022, sai ranar 19 aka binne ta. Ka sayi kati a kanti, ka rubuta layi biyu da hannunka, ka sa wannan kalmar a ciki, ka ajiye masa a ofis. Idan ya gayyace ka jana'izar, ka sa tufafi masu duhu, ka bar farar shaddar nan a akwati.