Hukuncin sayen asusun wasa da aka yi wa kutse, da makullan wasanni masu araha

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ina da ɗan shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, ina cajin waya, ina saka wa yara wasanni. Watan jiya na sayi asusun wasan waya na Free Fire a hannun wani a zauren WhatsApp kan jika 15, na ƙara masa lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, na jika 4 don in sayar da riba. Yanzu wani yaro ya kira ni yana rantsuwa nasa ne, kutse aka yi masa. Wanda ya sayar mini ya toshe lambata. Kuma ina sayen makullan wasannin kwamfuta, wato lambobin buɗe wasa, a shafukan da ke karyar da su. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka sayar.

Asusun wasa dukiya ne, ko da hannu ba ya taɓa shi. An zuba masa kuɗi da lokaci, kuma mutane suna ba shi ƙima, ga shi kai da kanka ka biya jika 15. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙoƙin da ba a gani da ido, kamar sunan kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira, suna da ƙimar dukiya kuma bai halatta a keta su ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna da ɓarna, sai dai ta fatauci bisa yardar juna. Ina yardar wanda aka yaudara?

Na ga yadda abin yake da idona. Ɗan maƙwabcina a Birni, yaro ne mai tura kurar ruwa bayan makaranta, kusan shekara biyu yana tara dala-dala yana zubawa a wasan nan. Aka turo masa saƙo cewa ya ci kyautar lu'ulu'u, ya shiga wani shafi ya rubuta kalmar sirrinsa ta Facebook. Kafin la'asar an canza imel da lambar waya. Na same shi zaune a dakalin ƙofar gida, wayar a cinyarsa, yana ta sake buga kalmar da ta daina aiki, ko abincin dare bai ci ba. Manya suka yi ta cewa ai wasa ne. Ni ban ga wasa ba, gumin yaro na gani.

Saboda haka wanda ya sani, ko alamu suka rinjaya masa cewa asusun na kutse ne, haramun ne ya saya, haramun ne ya yi dillancinsa. Mai saye shi ne ke raya ɓarawo, kuma Allah ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: farashin da bai kai rabin ƙima ba, gaggawar mai sayarwa, rashin imel na asali, da cewa "ka canza komai yanzu-yanzu".

Kai kuwa, idan da gaske ba ka sani ba, babu zunubi a kanka, amma rashin sani ba ya mayar da kayan wani naka. Wannan shi ne babin istihƙaƙi, wato bayyanar mai kaya na asali bayan an yi ciniki, a wurin malamanmu na Malikiyya. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Samura ɗan Jundubu cewa wanda ya sami ainihin kayansa a hannun wani shi ya fi cancanta da shi, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa. Jika 15 ɗinka tana wuyan wanda ya toshe ka. Kada ka nemi yaron ya fanshi abinsa.

Sai dai kada ka miƙa don rantsuwa kawai, hujja tana kan mai da'awa. Ya nuna tsohon imel, da saƙonnin biyan kuɗin lu'ulu'u, da abokan wasansa da suka san asusun. Na nanata wannan ne domin wani lokaci mai sayarwa da "mai kaya" bakinsu ɗaya, ko ma mutum ɗaya ne da layi biyu. Ku zauna gaban wani dattijo a kasuwa. In ta tabbata, ka mayar. Lu'ulu'un jika 4 da ka ƙara, ina ganinsa kamar wanda ya yi gini a filin da ya saya bai san na ƙwace ba ne: malamai suka ce mai fili ya biya shi ƙimar ginin a tsaye. Ku yi sulhu a kan abin da ya rage a ciki, in ka yafe wa yaron ya fi. Kana da damar kai ƙarar wanda ya cuce ka, domin tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifuffukan intanet.

Ko mutum asusunsa na kansa zai sayar, ba na son cinikin. Kamfanonin wasannin, irin su Garena mai Free Fire da Valve mai dandalin sayar da wasanni na Steam, sun sharɗanta kada a sayar, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Kuma mai asali yana iya ƙwato shi gobe, kamfani yana iya rufe shi. Wannan garari ne, wato cinikin da ba a da tabbas a kan abin da aka saya, an kuwa hana cinikin garari a hadisin da Muslim ya ruwaito. Akwai malaman zamani da suka sassauta, amma ni hani ya fi ƙarfi a wurina.

Makullai kuma, wato lambobin da ake bugawa wasa ya buɗe, hukuncinsu yana bin asalinsu. Araha ita kaɗai ba haramun ba ce. Ɗan kasuwar da ya saro kaya a Kano ya shigo da su ta Magariya ya karyar, ba wanda ya ce ya yi laifi. Haka wanda ya sayi makullai lokacin rangwame daga dillalin da kamfani ya amince da shi. Idan makullin an ɗaure shi da wata ƙasa, sai ka yi ƙaryar wurin zamanka kafin ya buɗe, to ƙaryar ce ta ɓata shi.

Mafi muni shi ne wanda aka saya da katin banki na sata. Mai katin ya farga, banki ya janye kuɗin daga kamfanin wasan, ɓarawo kuwa ya riga ya sayar ya wuce. Ba zato ba ne. A 2015 kamfanin Ubisoft ya kashe makullan wasansa Far Cry 4 da aka saya ta wannan hanya. A 2020 kasuwar makullai ta intanet mai suna G2A ta amsa cewa makullai 198 na wasan Factorio da aka sayar a shafinta na sata ne, ta biya waɗanda suka ƙirƙiri wasan dalar Amurka 39,600. Ban ce duk abin da ke irin waɗannan kasuwanni haramun ne ba, halal da haram ne suka cakuɗe, kuma kai daga Damagaram ba ka da hanyar tantancewa. Ga mai sana'a irinka, da zai sake sayar wa yaran unguwa, fatawata ita ce ka tsaya ga dillalan da kamfani ya sani, ko da ribar ta ragu. Waɗanda ka riga ka sayar ba tare da sani ba, babu komai a kanka, amma duk wanda makullinsa ya mutu a hannunsa ya dawo maka, ka mayar masa da kuɗinsa.

Allah ne mafi sani.