Amsa ga mai tambayar ƙungiyar karɓar magani da zuwa awo

Salamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kina cikin ƙungiyar masu shan maganin ƙanjamau da ke karɓo wa juna magani bi da bi, yanzu ga ciki wata uku, wai ko ya isa ki zauna gida su riƙa kawo miki. Gaskiya a'a, don Allah ki fara awo cikin satin nan.

Shi tsarin nan a lardin Tete na Mozambik likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara shi a 2008, mutum kamar shida, ɗaya ya je asibiti ya karɓo na kowa, kamar dai adashi, an yi shi ne don rage kuɗin mota da dogon layi ga wanda jikinsa ya daidaita. To mai ciki fa sai nas ta ɗora hannu a cikinta, ta auna jini, a duba yawan ƙwayar cutar, wannan ba wanda zai karɓo miki shi a leda. In ba magani yara 15 zuwa 45 cikin ɗari kan ɗauka daga uwa, da magani kuwa bai kai 5 ba.

Ki daure ki haihu a asibiti saboda akwai sirof ɗin da ake fara ɗiga wa jariri da an haife shi, sai gwajinsa a sati shida, ranar ma ta rigakafi ce, tafiya ɗaya kin gama biyu. Ƙungiyar kuma kar ki bar ta, a tamu wata ce ta riƙa raka ni awo har da riƙe min jaka. In maigida bai yi gwaji ba ki lallaɓa shi ku je tare, da yayyen jaririn. Allah ya sauke ki lafiya.